Labulen Kicin Ɗin Lucille

Akwai wata mata a unguwarmu nan Toledo, sunanta Renata Dombrowski. Sana'arta ta shiga shagunan gwanjo ta tsinto tsohon zanen gado ko mayafin tebur, ta mayar da shi riga irin ta zamanin da, ƙugu a tsuke, ƙasa a baje kamar laima. Sai ta sa jan baki, ta jingina da wata tsohuwar mota, ta ɗauki hoto ta ɗora a shafinta.

Ta iya ɗinki, wannan ba na musu. Amma tun da mabiyanta suka kai dubu arba'in kunnenta ya toshe.

Bara da kaka mahaifiyarta Lucille ta rasu. Mahaifinta Walt kuwa, dama cutar mantuwa ta ci ƙarfinsa, sai aka kai shi gidan kula da tsofaffi. Yayanta Dale, mutum mai gaggawar tsiya, ya kwashe kayan gidan kaf cikin kwana biyu ya jibge wa masu gwanjo, wai za a sa gidan a kasuwa. Kafin Renata ta ankara, ko cokali bai rage ba.

Sati uku tana bin shagunan garin ɗaya bayan ɗaya. Abu guda tak ta samu: labulen kicin, falle biyu, fari mai zanen lemon tsami rawaya, wanda uwar ta ɗinka da hannunta tun Renata ba ta shiga makaranta ba. A tsakiyar shagon ta rungume shi ta fashe da kuka.

Nan take ta ƙudura abin da za ta yi. Baban ya daina gane ta, in ta je “malama” yake ce mata, ya ɗauka ma'aikaciyar wurin ce. Za ta ɗinka riga da labulen, irin ɗinkin da uwar take sawa, ta je masa da ita ranar da zai cika shekara tamanin da uku. Ko Allah zai sa ya dube ta ya ce Renata, ko da sau ɗaya ne.

Tana baranda ta baza labulen tana nuna wa kyamara, sai ga maƙwabciyarta Mis Verlene ta leƙo ta kan shinge. Tsohuwa ce, ta yi shekara talatin a masana'antar ɗinkin kwat kafin a rufe ta, yanzu hannunta rawa yake.

“'Yar nan, wannan ba labulen Lucille ba ne? Miƙo shi na gani.”

Tsohuwar ta ɗaga shi saitin rana. Sai ga layuka dogaye da suka koɗe, daga sama har ƙasa.

“Kin ga nan? Shekara arba'in yana shan rana ta taga. Duk inda ya koɗe zaren ya mutu, tsayuwa kawai yake. Kada ki kuskura ki sa shi a injin wanki. Ruwan sanyi a baho, ki danna da tafin hannu, ki shimfiɗa shi kan tawul. Sannan ki yi masa shafi da wani yadin ta ciki, in za ki yanka ki kauce wa layukan.”

Renata ta yi dariya. “Haba Mis Verlene! Ai dokata ta farko ke nan, kowa a shafina ya haddace. Yadin gwanjo, ruwan zafi, inji, sannan almakashi. Ba ka san gidan da ya fito ba.”

“Wannan kin san gidan da ya fito.”

“Na ɗinka riga ta fi ɗari fa.”

“Da zanen gado. Zanen gado ba ya wuni a taga.”

“To na ji, na gode.” Ta karɓe kayanta.

Da a nan ta tsaya da sauƙi. Tsohuwar na juya baya, Renata ta kalli kyamara, ta kashe ido ɗaya ta ce, “Kowace unguwa da farfesarta.” Kuma haka ta ɗora bidiyon a shafinta, mutane suna ta tura fuskar dariya. Wallahi ranar da na gani raina ya ɓaci, don na san tsohuwar nan, ita ta riƙa kai wa Lucille miya lokacin jinya.

Renata ta sauka ɗakin ƙasa, ta jefa falle biyun a inji, ta murɗa zuwa ruwan zafi.

Da injin ya tsaya ta buɗe, ta kama gefe ɗaya ta ja. Sai ya biyo hannunta shi kaɗai. Ta sake sa hannu, wani tsumman ya fito. Labulen ya tsage daidai kan kowane layi, wani wurin ma ya narke kamar takardar da ta jiƙa, ya manne a jikin injin. Ta zauna a kan siminti da tsummoki a cinyarta. Ba ta da wani abu na uwarta a duniya sai wannan, kuma ita ta yi masa haka, ba Dale ba.

Kwana uku kunya ta hana ta fita. A na huɗu ta zuba tsummokin a kwando ta ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciyar.

Mis Verlene ta dubi kwandon, ta dube ta. “Shigo. Farfesa tana gida.”

Ashe an nuna mata bidiyon. Renata ta fara ba da haƙuri, tsohuwar ta ɗaga hannu.

“Bar shi. Ni an faɗa min abin da ya fi wannan a masana'anta. Zuba a tebur mu ga abin da Allah ya rage.”

Suka bi tsumma tsumma. Abin da ya tsira shi ne kalmasar ƙasa, inda aka ninke yadin rana ba ta taɓa shi ba. Da suka warware ta, faɗinta bai fi yatsu huɗu ba.

“Riga kam ta tafi,” in ji Mis Verlene. “Kwala za ki samu, in kin yi a hankali.”

Haka aka yi. Farar riga ta wani zanen gado, da 'yar kwala mai lemo shida. Tsohuwar ba ta iya riƙe allura, sai dai ta zauna gefe tana cewa, “Sassauta zaren, ba buhu kike ɗinka ba.”

Ranar bikin Renata ta kafa kyamara a ɗakin baban, ta shigo sanye da rigar, da kek a hannu. Walt ya ɗago daga kujerarsa.

“Sannu malama. Lokacin magani ya yi?”

“Ni ce, Baba.”

Bai ji ba. Idonsa ya sauka kan kwalar. Ya miƙa yatsu ya shafa ta, fuskarsa ta saki.

“Lemon Lucille! Na kicin ne wannan. Ranar da ta rataya shi na ce rawayar ta yi yawa, kwana biyu ba ta kula ni ba.” Ya yi dariya har da tari.

Renata ta durƙusa gabansa, tana jira ya kira sunanta. Sai ya juya ya kalli tagar ɗakin, wadda babu komai a jikinta sai makarin rana na roba.

“Malama, ki taimake ni mana. Ki ce wa Lucille ta aiko min da shi a sa a nan. Falle ɗaya ma ya isa, ta riƙe ɗayan.”

Ta kama hannunsa.

“To, Baba.”

Hoton ranar bai taɓa hawa shafinta ba. Har yau duk Lahadi tana zuwa, kuma duk zuwa, tana shigowa yake tambayarta ko ta zo da labulen.

Darasi: Yawan masu tafa maka ba ya mayar da kai masani, kuma dokar da ta yi maka aiki sau ɗari tana iya cin abin da ba ka da madadinsa. In wanda ya tsufa a kan aiki ya ce dakata, ka dakata ka ji shi. Ku tura wannan ga duk wanda kuka san kunnensa ya fara toshewa, tun abin da ke hannunsa yana nan.