Gishirin Jatau

A zamanin da giwaye ke shan ruwa a inda kasuwa take ci yanzu, an yi wani maharbi ana ce masa Jatau. Shi ya fara kafa bukka a gindin tsauni, bayan ya kashe baunar da ta tare wa fatake hanya. An ce idan ya ɗana kibiya, iska ma tsayawa take yi. Mutane suka yi ta zuwa suna zama kusa da shi, shi kuwa ba ya taɓa nama sai kowace tukunya ta samu rabonta. Maroƙa na yi masa kirari: Jatau gagara bauna, mai ci da gari, kai ke bayarwa, ba a ba ka!

Tsufa ya zo, ido ya dushe. Ranar da ya harbi kututture yana zaton barewa ce, ya dawo ya rataye bakansa. Matarsa ta riga shi gidan gaskiya, ɗa kuma Allah bai ba shi ba. Maƙwabta suka riƙa aiko da tuwo, yana mayarwa.

"Ku ce na ƙoshi."

A ransa gara kabari da a ce Jatau ya miƙa hannu. Ya rame har tashi na gagarar sa.

Wata hantsi sai ga Dela, matar maƙerin gari, da akushi. Ta durƙusa.

"Baba, ƙara na kawo. Maigidana ya ce miyata ba gishiri, ni na ce akwai. Ya rantse ba ya yarda da bakin kowa sai naka."

Jatau ya gane dabarar sarai. Ƙamshin daddawa ya cika bukkar. Can ya ce a ba shi ruwa ya wanke hannu. Ya kai loma, ya ƙara, har akushi ya koma fayau. Gishiri kuwa ya ji daidai.

"Mijinki ya fi ki gaskiya, 'yata. Ya yi kaɗan. Ki gyara, gobe ki kawo in ji."

Dela ta sunkuyar da kai, ta share ido da bakin zane. Daga ranar, gida-gida rigimar gishiri ta ɓarke, Jatau na yanke hukunci har ƙarshen ransa.

Dajin ya zama gonaki, maharba sun ƙare. Amma har yau a Tsaunin Jatau ba a ce wa tsoho ga sadaka. Durƙusawa ake yi a ce, "Baba, a ɗanɗana mana gishiri." Ba a kuma taɓa jin tsohon da ya ce gishiri ya ji ba.