Kaset ɗin Mahasin Mai Shayi

Akwai wani dattijo a Alƙahira mai suna Jibrin, Bahaushen Sudan, da ke da ɗan shago a wani lungu na kasuwar Ataba. A da, shagon kamfanin ɗaukar waƙa ne mai suna Muryar Baƙo. Shi ne mai kamfanin, shi ne kuma ma'aikacinsa kaɗai.

Jibrin ba ya neman manyan mawaƙa. Direbobi, masu gadi, masu sayar da shayi, duk wanda kewar gida ta cika masa ciki har ta zama waƙa, shi yake zaunarwa gaban makirufo. Manyan kamfanoni sun sha korarsu, wai muryoyinsu sun yi kaushi. Shi kuwa sai ya ba su shayi, ya ɗauki waƙar, ya rubuta sunan mutum da garinsu a bayan kaset.

Zamani ya juya, mutane suka koma sauraro a waya. Ɗansa Usama ya mayar da gaban shagon wurin sayar da caja da rigar waya. Kaset-kaset suka koma cikin kwalaye a baya.

"Baba, khalas, ya isa haka mana," in ji Usama wata rana. "Wa zai saurari kukan masu gadi a yau? Kwalayen nan sun cinye mana wuri. Ranar Alhamis zan kira masu bola."

"Mutane ne a ciki, Usama. Da yawansu sun rasu."

"Ma'alish, ka yi haƙuri, Baba. Roba ce kawai."

Jibrin bai yi faɗa ba. Ya roƙi mako biyu, ya riƙa ɗaukar kwali ɗaya kullum a bas zuwa ɗakinsa a unguwar Hay el-Sabi', ga shi gwiwa ta fara ba shi matsala.

Yana cikin wannan jigila, wata matashiya ta tsaya a bakin shagon. Sunanta Hadeel. Yaƙi ne ya koro ta daga Omdurman ta Sudan, ba ta fito da komai ba sai kayan jikinta.

Ta kira shi Ammu, wato baffa a Larabci. "Ammu, kai ne Jibrin mai kaset? Mahaifiyata ta taɓa zama a garin nan. Mahasin, mai shayi a bakin tasha. Ta rasu, gidanmu kuma ya ƙone. Ko hotonta ba ni da shi."

Jibrin ya dube ta da kyau. "Mahasin 'yar Sennar? Mai dariya kafin ta fara waƙa? Zauna, 'yata."

Ya buɗe kwali huɗu kafin ya sami kaset ɗin. Ya hure ƙura, ya saka a tsohuwar rakodarsa. Da farko sai shuuu. Sannan dariyar mace ta fito, ta ce, "Jibrin, ka kunna ne?" Ta fara rera waƙar jaririyar da ta baro wurin kakarta, tana kiran sunan Hadeel a kowane baiti.

Hadeel ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da mayafi. Usama yana tsaye da cajar wani a hannu, ya kasa miƙa masa.

Da kaset ya ƙare ta ɗago. "Ammu, guda nawa ne irin wannan?"

"Sun fi ɗari huɗu."

Ashe aikinta ke nan kafin yaƙi, gyaran sauti a wani gidan rediyo. Ta ce kaset yana lalacewa in ya daɗe, amma za ta iya kwashe su zuwa kwamfuta. Kafin Jibrin ya buɗe baki, Usama ya tura mata kwamfutarsa.

"Baba, ka yafe mini," ya ce, kansa a ƙasa. "Sauran kwalayen ni zan ɗauka."

Wata shida suna aikin. Hadeel tana gyarawa, Usama yana ɗorawa a intanet, kowace waƙa da sunan mai ita. Saƙonni suka fara shigowa daga Kano, daga Gadarif, daga Jidda: wannan kakana ne, wannan yayarmu ce. Har wani masani ya zo daga unguwar Zamalek, ya ce waƙoƙin sun tuna masa da na baƙaƙen fatan biranen Amurka, waɗanda ake kira buluz.

Yanzu duk Juma'a bayan La'asar ɗakin Jibrin cika yake da masu zuwa sauraro. A makon jiya aka kunna muryar wani saurayi mai rantsuwa cewa bana zai koma gida. Maikano direba, mai jikoki bakwai a Alƙahira, ya yi dariya har ya share ido.

"Wallahi ni ne," ya ce. "Yalla, maza, Hadeel, ƙara kunna min yaron nan."

Darasi: Kada ka raina muryar ƙaramin mutum, kada kuma ka yi saurin zubar da abin da iyaye suka adana. Abin da kake gani tarkace, wataƙila shi kaɗai ya rage wa wani. Ka tura wa 'yan uwa su karanta, musamman masu dattijo a gida.