Motar Datti Mai Kujera Biyu

Akwai wani mutum mai suna Datti, ɗan Kwandiko ta ƙasar Gwaram, wanda ya yi aiki a ofishin masu gyaran hanya a Birnin Kudu, a shekarun da arzikin man fetur ya fara zuwa hannun ma'aikata. A lokacin duk yankin yana cikin Jihar Kano.

Shi ne auta a wurin Malam Sulaimanu da Inna Barira, kuma shi kaɗai aka sa a boko. Yayansa Sabo ne ya riƙe gona, ya yi ta noman gero da gyaɗa har Datti ya gama karatu, ya sami aiki, ya auri wata yarinya mai hankali ana ce mata Huseina.

Shekarar da aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi, kowa a ofis ya fara maganar abin hawa. Wasu suka sayi babur, manya suka sayi Fijo. Shi kuwa Datti idonsa yana kan motar wani Bature injiniya da ke shirin komawa ƙasarsu.

'Yar ƙarama ce, ja, ƙirar Ingila, ta kwanta a ƙasa kamar tana rarrafe. Rufinta na tamfol ne, ana naɗe shi a baya. Kujerunta biyu ne rak: ta direba da ta mutum ɗaya.

Da ya je gida ya faɗi niyyarsa, Sabo ya ba shi shawara ya nemi Fijo ko akori-kura, ko don iyayensu da suka manyanta, ga kuma hanyar garin da kowa ya san halinta da damina. Datti ya ce wannan ba ta shan mai, ga ta da araha tun da mai ita sauri yake yi. Malam Sulaimanu yana zaune a kan buzu yana jin su. Ya yi addu'ar Allah Ya sa albarka.

Abin da Datti ya faɗa gaskiya ne, amma ba shi ne ainihin dalilinsa ba. Ya ga yadda abokan aikinsa masu Fijo suke fama. Ba ranar da za su fita ba a tare su ba: wannan a rage masa hanya, wancan a kai masa buhun dawa, waccan a kai ta awo. Shi ba ya son haka. Ya lissafa a ransa cewa mota mai kujera biyu ta raba shi da kowa ba tare da ya buɗe baki ya ce a'a ba.

Kuma fa motar ta yi masa daɗi, ba za a ɓoye ba. In ya hau kwalta ya taka totur, sai ta miƙe kamar ba ta taɓa ƙasa. Sitiyarinta ba nauyi, da yatsa biyu ma sai ya karya kwana. Da yamma yakan naɗe rufin, ya ɗauki Huseina su nufi wajen duwatsu suna shan iska, tana riƙe da gyalenta tana dariya. In ta maƙale a yashi, mutum biyu sun isa su tura ta.

Sai dai wahalarta ma ba kaɗan ba ce. But ɗinta, wurin sa kaya, ko rabin buhu ba ya ɗauka. In ta lalace sai an aika Kano neman kayan gyara. Da Huseina ta sami juna biyu, shiga motar ya zama mata aiki, don sai mutum ya durƙusa kamar zai zauna a tabarma. In kuwa aka bar kwalta aka shiga hanyar ƙauye, kowane tudu sai cikinta ya gurza.

Amma abin da ya saye ta dominsa ya samu. In ya tarar da mutanen garinsu a bakin titi suna jiran babbar mota, sai ya tsaya ya gaishe su da fara'a, ya nuna kujerar da ya riga ya ɗora jakarsa a kai, ya ce ai da da wuri da ya ɗauke su. Su kuma su ce ba komai, Allah Ya kiyaye hanya. Ya ja motarsa ya wuce, ransa fes.

Wata Asabar cikin damina ya je gida gaisuwa. Bai daɗe da zama ba ciwon ciki ya murɗe Malam Sulaimanu. Aka ba shi jiƙo, aka yi tofi, abin sai gaba yake. Tsohon da ba a taɓa jin ya yi raki ba ya fara nishi, gumi yana keto masa. Kowa ya ga sai asibiti, kuma babbar mota ba ta shigowa garin sai ranar kasuwa.

Sabo da wani maƙwabci suka tallabo Malam, suka sha fama kafin su lanƙwasa shi ya shiga kujerar. Suna gamawa sai ga Inna Barira ta fito da mayafinta, ta ƙulle zani da buta da 'yar ƙwaryar da Malam yake shan kunu a ciki. Tun aurensu ba ta taɓa barin wani ya yi jinyarsa ba.

Ta zagaya motar ta dubi baya, ta ga ba wurin zama. Ta sake dubawa, ko za ta iya raɓawa a bayan kujerun. Wurin ko yaro ba zai ɗauka ba.

Datti ya ce, “Inna, ki yi haƙuri. In na kai shi zan dawo in ɗauke ki.”

Ba ta yi musu ba. Ta miƙa ƙullin ta ɗora wa Malam a cinya, ta gyara masa hula, ta koma gefe ta tsaya. Har suka karya kwanar masallaci Datti yana hango ta a madubi, tana nan tsaye inda suka bar ta.

A ranar motar ta nuna amfaninta. An kwana biyu ba ruwa, ƙasa a bushe take, ya lallaɓa har kwalta, daga nan ya sake ta. Kafin la'asar suna asibiti a Birnin Kudu. Likita ya ce hanji ne ya ƙulle, da an ƙara jinkiri da ba su iso da shi da rai ba. Aka shiga da shi tiyata, ba a fito ba sai bayan magariba. Datti ya ga hanya ba za ta biyu da duhu ba, ya bar komawa sai da safe.

Gari na wayewa Malam ya farfaɗo. Ya dubi Datti, ya dubi Huseina da ta kawo ruwan zafi, ya juya ido ya dubi ƙofa.

Ya ce, “Ina innarku?”

Datti ya ce yanzu zai je ya zo da ita.

Malam ya ce, “To yi sauri. Akwai maganar da nake so in gaya mata.”

Datti ya bar Huseina a wurinsa ya kama hanya. Abin da bai sani ba shi ne an kwana ana ruwa a wajen Gwaram. Yana sauka daga kwalta ya tarar wata babbar mota ta bi hanyar ta haƙa ramuka biyu da tayoyinta, ta bar tudun laka a tsakiya. Ya san motarsa ba ta da tsayin da za ta haye, amma maganar mahaifinsa tana kunnensa. Ya sa giya ya shiga.

Bai yi nisa ba ya ji ƙara a ƙarƙashinsa. Motar ta hau tudun ta zauna, tayoyin baya suna juyi a banza.

Manoman da ke aiki a gefen hanya suka ajiye fartanyoyi suka taho. Yawancinsu ya san su, mutanen da ya saba gaisarwa a bakin titi ya wuce ne. Ba wanda ya tuna masa. Suka tambayi jikin Malam, suka kama motar ta kowane gefe, suka ɗaga ta cak suka ajiye a kan ciyawa, suna mamakin rashin nauyinta. Sai a lokacin aka ga baƙin mai yana tsiyaya. Akwai dutse a cikin lakar, ya fasa ƙasan injin.

Datti ya tuɓe takalmi ya ƙarasa Kwandiko a ƙafa. Ya tarar Inna Barira a zaure da mayafinta, tun asuba take zaune tana sauraron ƙarar mota.

Aka ɗauro amalanken shanu, ita da Sabo da Datti suka hau. Shanun suna tafiya suna nutsewa a laka, Datti yana ji kamar ya sauka ya ja da kansa. Da suka fito titi suka daɗe kafin su sami motar da ke da wuri. Duk tsawon hanyar Inna salati take ta yi.

Suna shiga harabar asibitin suka hango Huseina a zaune a ƙasa ta haɗa kai da gwiwa. Ba sai an faɗa ba. Malam Sulaimanu ya cika jim kaɗan bayan azahar.

Inna Barira ta yi salati, ta zauna kusa da surukarta, ta tambaye ta a hankali ko ya bar wani saƙo. Huseina ta ce duk wanda ya turo ƙofa sai Malam ya ɗaga kai ya duba. Ta ce ta roƙe shi ya faɗa mata ta isar, ya yi murmushi ya ce ba maganar da ake ba suruka ba ce.

Wani ɗan kasuwar hatsi da ya san Sabo ya ba da akori-kurarsa a kai gawar gida. Aka shimfiɗa tabarma a baya aka kwantar da Malam. Datti ya buɗe wa mahaifiyarsa ƙofar gaba, ya ce ta shiga nan, baya akwai jijjiga.

Ta girgiza kai. Ta ce, “Bar ni a wurinsa. Jiya ba a sami wuri ba, yau akwai.”

Ba da faɗa ta yi maganar ba, ko kallonsa ba ta yi ba. Sabo ya kama ta ta hau, ta zauna a gefen kan mijinta, ta dafa mayafin da aka rufe shi da shi. Haka aka tafi har Kwandiko. Datti yana gaba kusa da direba, bai iya waiwayawa ba ko sau ɗaya.

Masu zuwa gaisuwa suka yi ta yaba masa. Suna cewa Allah Ya yi masa albarka, ba don motarsa ba da Malam a gida zai cika ba a yi masa komai ba. Duk wanda ya yaba masa, sai Datti ya sunkuyar da kai.

Bayan an share makoki ya bi Sabo gona. Suka zauna a gindin wata ɗorawa, ya rasa ta inda zai fara. Daga ƙarshe ya ce masa ba don mai ko araha ya sayi motar nan ba. Ya saye ta ne don kada kowa ya shiga.

Sabo ya daɗe yana kankare laka daga fartanyarsa. Sannan ya ce, “Mun sani, Datti. Baba ma ya sani. Ranar da ka fara zuwa da ita na so in yi maka magana, ya hana ni. Ya ce yaro ne, an dame shi da buƙatu tun yana fara aiki, a bar shi ya huta, zai dawo da kansa.”

Datti ya kifa kai a gwiwa ya yi kukan da bai yi ba a maƙabarta. Sabo bai hana shi ba. Da kukan ya lafa Sabo ya ce masa kwana ne ya ƙare, ko jirgi gare shi Baba ba zai wuce ranarsa ba, kuma ƙarfe ba shi da laifi. Amma bai ce masa shi ma ba shi da laifi ba, Datti kuma bai nemi ya faɗa ba.

Aka ja motar zuwa Birnin Kudu aka gyara. Wani saurayi ɗan Kano ya saye ta, ya tafi yana murna. Datti ya koma hawan wata tsohuwar Fijo, kuma har ya yi ritaya ba a cika ganinsa a cikinta shi kaɗai ba.

Inna Barira ta yi shekaru bayan mijinta. Ba ta taɓa ɗaga wa Datti maganar ba. Sai dai wani lokaci, in suna zaune ana hira, takan ce kamar da kanta take, “Ko me Malam yake son gaya mini?” Duk ranar da ta faɗi haka, Datti ba ya iya cin abinci.

Darasi: Ba laifi ba ne mutum ya ji daɗin abin da Allah Ya hore masa, amma ka binciki niyyarka kafin ka zaɓa. Duk tsarin da ka yi don ka nisanta mutane daga jikinka, ba zai bambance maka baƙo da mahaifiyarka ba ranar da buƙata ta zo. Ka bar wa iyayenka da danginka wuri a cikin abin da ka mallaka tun suna raye, domin akwai nadamar da neman gafara ba ta goge ta daga zuciya. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya ba mu ikon kyautata wa waɗanda ke raye. Ka tura wa ɗan uwanka ko abokinka wannan labari, wataƙila ya zo masa a kan lokaci.