Mashayar da Zaki Ya Kyautar

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama!

Ta zo mu ji ta, mun gyara!

Ran Talata, uku ga Rajab, a shekarar zaɓen daji, Shugaba Zaki ya yi sulhu da kadojin ƙetaren kogi. Don su daina kai hari, ya ba su mashayar ƙananan dabbobi. Ya tsaya a dandali ya ce, "Ai babu mai sha a can."

Tsohuwa Bushiya, wadda ta karantar da rabin dajin, ta tafi fada.

"Ranka ya daɗe, shekara arba'in ina sha a can. Ni ba kowa ba ce?"

Dila, kakakin shugaba, ya yi dariya. "Malama, harkar ƙetare ta fi ƙarfin gajerun ƙafafu. Ga gyaɗa, ki sa albarka."

"Riƙe gyaɗarka!"

To, zaɓen daji layi ake yi bayan ɗan takara. Bushiya ta bi rami-rami tana magana. Ranar zaɓe a dandali Zaki ya waiwaya, layin Giwa, abokiyar takararsa, ya fi nasa tsawo, ga ɓeraye da zomaye dubbai zaune gefe tare da Bushiya.

"Malama, ku taso mana! Zan haƙa muku rijiya."

"Da wa kake magana? Ai babu kowa a nan. Rijiya dole ce. Amma a dandalin nan ka shafe mu, a nan za ka ɗaga murya ka ce ka yi ƙarya, ka nemi gafararmu. Kafin nan, ƙafa ɗaya ba ta motsawa."

Ƙurunƙus! Kan kusu na ƙyale shi, yau ɓeraye na da ƙuri'a.