Sandar Gora da Mahaifiyar Gwamna

Akwai wani tsohon malami, Kuang Deyuan, da aka zaɓa a majalisar lardinmu shekarar da fadar sarki ta yarda a buɗe ta. Siriri ne kamar tsinke, amma baki gare shi.

Majalisa ta zartar cewa a daina dukan wanda ake tuhuma da sandar gora don ya amsa laifi. Gwamna Pei ya ƙi buga hatimi. Shi a ganinsa, majalisa wurin shan shayi ne.

Ana cikin haka aka kama Meng mai awara, maƙwabcin Kuang, wai ya saci bijimin sa. Washegari za a kwantar da shi a yi masa dukan gora, kuma kowa ya san ƙirjinsa ba zai ɗauki duka ba.

Kuang ya tafi zauren Gwamna, jama'a cike.

"Ranka ya daɗe, hatimi muke jira."

"Malam, ku surutu ne aikinku, ni mulki," in ji Gwamna. "Gora ba ta ƙarya. Mai gaskiya ba ya amsa abin da bai yi ba."

A doka, ba a dukan malamin da ke sanye da hular ilimi, don haka Kuang ya cire tasa ya ajiye, ya kwanta a ƙasa.

"To a gwada a kaina."

Girman kai rawanin tsiya. Gwamna ya yi dariya ya ce a ba shi sanda goma. A ta shida tsohon ya ƙwala ihu:

"Na amsa! Ni na kashe mahaifiyar Gwamna!"

Tsohuwar tana cikin gida, lafiyarta ƙalau. Amma kowa ya san doka: jami'in da uwarsa ta rasu, dole ya sauka daga kujera ya yi makokin shekara uku.

Kuang ya ɗago kai da ƙyar.

"Ranka ya daɗe, in gora ba ta ƙarya, sa fararen kayan makoki ka ba mu wuri. In kuwa Iya na da rai, ga takardar majalisa, buga hatimi."

Gwamna ya ga ba mafita. Ya aika aka kawo hatimi.

Meng bai sha ko sanda ɗaya ba. Shi ya goya Kuang zuwa gida, yana kuka, tsohon na ce masa, "Kai, a hankali, bayan nan nawa ne!"

Darasi: Mai mulkin da ya raina masu yi masa doka, bakinsa ne zai kama shi, kuma gaskiyar da aka tatso da sanda ba gaskiya ba ce. Ku tura wa na kusa da ku, musamman mai riƙe da kujera.