Jajayen Kekuna a Bakin Kwalbati

A wani gari an yi wani mutum mai babban kanti. Ba gado ya ci ba. Da ɗan tebur ya fara a bakin tasha, yana sayar da sabulu da ashana, har Allah ya sa wa hannunsa albarka ya gina kanti mai faɗi, inda mutum zai shiga ya zaga da kansa ya ɗauki abin da yake so. Mutum ne mai gaskiya a awo, ba ya cin haƙƙin kowa. Shi ma ya san haka, yana kuma so a sani.

Da ya ga masu sayayya suna shan wahalar buhun shinkafa da jarkar mai, sai ya sayo kekunan tura kaya, irin na waya masu ƙafa huɗu. Ya sa aka shafa musu jan fenti, aka rubuta sunan kantinsa a jikin kowanne. Nufinsa mutum ya zuba kayansa ya tura zuwa bakin ƙofa, ya sauke, ya bar keken a nan.

Amma mutane ba su tsaya a bakin ƙofa ba. Wani ya tura har tasha, ya loda kayansa a mota, ya bar keken a tsakiyar hanya. Wata ta tura har gidanta, ta ce gobe za ta mayar, goben kuwa ba ta zo ba. Magina suka samu na ɗaukar bulo, da ƙafa ta karye suka yar. Kafin a ankara, duk inda ka bi a garin sai ka ga jan keke a yashe, a bayan kasuwa, a kan juji, a cikin lambatu.

Sai ƙaramar hukuma ta zauna ta kafa doka, cewa kowane mai kanti ya tsare kekunansa kada su fita harabarsa, wanda kuma ya riga ya fita, mai shi ne zai bi ya ɗauko. Aka aiko duba-gari, wato jami'in da ke kula da tsabtar gari, ya zo ya faɗa wa mai kantin.

Mai kanti ya ji, ya ce, "Sake faɗa in ji."

Duba-gari ya sake faɗa.

Mai kanti ya miƙe tsaye, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Ni na jefa su a lambatu? Alheri na yi wa mutanen garin nan, suka kwashe mini kaya. Kun bar waɗanda suka yi satar suna yawo, kun zo wurin wanda aka yi wa sata kuna karanta masa doka!"

Duba-gari ya ce, "Yallaɓai, waɗanda suka ɗauka ba mu san su ba. Sunanka ne a jiki."

Mai kanti ya ce, "To, ku je ku kankare sunan. Duk keken da ya fita ƙofar nan ya fita daga hannuna."

Ranar nan bai iya cin abinci ba saboda fushi. Washegari ya sayo sarƙa da kwado, ya ɗaure kekunan da suka rage a jikin bango, ya ce kada wanda ya ƙara taɓawa. Tsofaffi da masu ciki suka koma ɗaukar kaya a ka, suna wuce kekunan a ɗaure. Na waje kuwa, ko sau ɗaya bai aiki kowa nemansu ba.

A kan hanyar da yake bi daga gida zuwa kanti akwai wata babbar kwalbati, inda ruwan garin duka yake bi ya gangara rafi. Waɗansu daga cikin kekunan nasa suna can kwance a bakinta, ƙafafu a sama. Kowace safiya in motarsa ta iso wurin, yakan rage gudu ya leƙa, ya ga jan fentin, zuciyarsa ta tafasa. Yakan ce a ransa, "Bari su ruɓe a nan. Bari mutanen garin nan su riƙa ganin aikinsu." Sa'an nan ya taka mota ya wuce. Har ya zamana fushin nan yana yi masa daɗi, gama kullum yana tuna masa cewa shi ne mai gaskiya.

Damina ta yi nisa. Wata rana da azahar hadari ya haɗu, aka kece da ruwa irin wanda an daɗe ba a gani ba. Ruwa ya kwaso leda da tsumma da kara da yashi daga ko'ina, ya kawo bakin kwalbati. Wayar kekunan ta tare su kamar rariya, ba abin da ya wuce. Kwalbati ta toshe, ruwa ya rasa hanya, ya juya ya shiga unguwar da ke gangare, inda gidaje na ƙasa ne.

Da safe mai kanti yana buɗe ƙofa sai ya ji hayaniya. Ga taron mutane tafe, suna jan wani keke da ya cika da laka. A gabansu wata tsohuwa ce mai suna Rifkatu, mai sayar da daddawa, zanenta jiƙe da taɓo har ƙugu. Suka kawo keken suka kifar a bakin ƙofarsa.

Tsohuwar ta ce, "Kai ne mai wurin nan?"

Ya ce, "Ni ne, Iya."

Ta ce, "Wannan naka ne?"

Ya duba. Laka ta rufe ko'ina, amma sunan yana nan ana gani. Ya ce, "Iya, ba ni na jefa shi can ba. Sace mini aka yi. Ni ma cutata aka yi."

Cikin fushi ta ce, "Ban ce kai ka jefa ba. Ni ban taɓa taka kantinka ba, ban san abin da ake sayarwa a ciki ba. Jiya ruwa ya shigo mana har ƙirji. Maigidana ya koma ciki ya kwance awaki, bango ya faɗo masa a ƙugu. Yana asibiti, an ce ba zai ƙara takawa ba. Wanda ya jefa keken, Allah ya san shi, ni ban san shi ba. Amma kai na san ka. A bakin kwalbatin nan nake shanya daddawa, ina ganin motarka tana rage gudu kana leƙawa. Ka gan su, ko ba ka gan su ba?"

Fushin mai kanti ya tashi kamar kullum, ya nemi inda zai sauka. Ya nufi hukuma, ya nufi ɓarayi, ya nufi taron da ya tsaya yana kallonsa. Duk suna da nasu laifin, amma ba ɗaya a cikinsu da zai amsa masa tambayar tsohuwar nan. Shi ya ga kekunan, yana da mota da ma'aikata, ya bar su a can da gangan.

Ya ce, "Na gan su, Iya."

Ta ce, "To, sauran suna can. Ga hadari kuma yana sake haɗuwa." Ta juya ta tafi asibiti.

Mai kanti ya tuɓe babbar rigarsa, ya cire takalmi, ya bi hanya a ƙasa har kwalbati, ma'aikatansa suna biye da shi. Ya shiga cikin ruwan mai wari har ƙirji. Ya kama keke ya ja, bai motsa ba, gama yashi ya binne shi. Ya sa hannu ya yi ta tono, waya ta yanke masa tafi, bai tsaya ba. Da fushi yake aikin, yana cije haƙori, sai dai yanzu ya san da wa yake fushi. Suka fid da kekunan ɗaya bayan ɗaya, ruwa ya samu hanya ya wuce da ƙugi, kafin ruwan sama ya sake sauka.

Daga nan ya ɗauki motar kaya ya shiga gari lungu lungu. Waɗansu suka yi masa dariya. Wani da ya mai da keke akurkin kaji ya yi ta gardama kafin ya saki. Ya tattara duka ya kai wa mai walda. Da yawa suka gyaru, waɗansu kuwa tsatsa ta riga ta cinye su, ba abin da za a iya yi. Ya kwance sarƙar nan, ya sa ma'aikatansa su riƙa raka mai kaya har tasha su dawo da keken. Ya kuma gina wa Rifkatu bangonta. Ta karɓa, gama tana bukata, amma ba ta yi masa godiya ba, shi ma bai nema ba. Mijinta ya dawo gida a kan tabarma, a kanta kuma ya ƙare kwanakinsa.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ku kasa kunne.

Kantin nan ikkilisiya ce, mai kantin kuwa mu ne, daga fasto da dattawa har wanda yake zama a bencin baya. Kekunan su ne mutanen da aka yi wa baftisma a gabanmu, aka kira sunan Ubangiji a kansu. Sun ɗauki kayanmu. Sun yi waƙa a ƙungiyar mawaƙa, sun share ɗakin sujada, sun dafa abinci ranar bikinmu. Yau ina suke? Wani giya ta tura shi. Wata ta yi ciki ba aure, kunya ta hana ta dawowa. Wani faɗa ya yi da dattijo a kan maganar da ba ta kai ta kawo ba. Wata rigar da za ta sa ce ba ta da ita, ta gaji da kallon da ake yi mata.

In aka tambaye mu, amsarmu a shirye take: "Ba mu muka kore su ba." Gaskiya ne, ba mu muka kore su ba. Mai kanti ma gaskiya ya faɗa. Na kuma sani mutum ba keke ba ne, yana da ƙafa da hankali, zai amsa nasa a gaban Allah. Amma wannan tsakaninsa da Allah ne. Abin da za a tambaye mu daban ne: kun gan shi, ko ba ku gan shi ba?

Mun gan shi! Muna wuce shi a bakin mashaya, mu rage tafiya mu leƙa, mu girgiza kai, mu zo nan mu ba da labari. Har da sunan roƙon addu'a muke yin gulmarsa. Faɗuwarsa tana yi mana daɗi, domin tana nuna mu ne tsayayyu. Wannan abu ne mai banƙyama a gaban Ubangiji, wanda bai zauna a sama yana leƙenmu ba, amma ya sauko cikin ƙazantarmu ya sa hannu ya fid da mu, har jininsa ya zuba.

Waɗansunmu kuma, da suka ga mutane suna fita, sai suka ɗauko sarƙa. Dokoki a kan dokoki, tsawa a kan tsawa, har matasanmu suna zaune a nan a ɗaure, ba su da amfani ga kowa, suna jiran ranar da kwado zai buɗe su gudu. Ba haka ake tsare mutum ba. Raka shi ake yi. A san gidansa, a san inda yake aiki, a san ranar da ba a hura wuta a gidansa ba.

Kada kuma wani ya ce wanda ya fita kansa kaɗai ya cuta. Bangon bai faɗa wa wanda ya jefa keke ba, bai faɗa wa mai kanti ba. Mijin Rifkatu ya faɗa wa. Mutumin da muka bari a mashaya yana da mata da take shan duka, da 'ya'yan da suka bar makaranta, da maƙwabta waɗanda ba su taɓa shiga ɗakin sujada ba, amma sun san sunan wa aka kira a kansa, suna kuma kallon yadda muka yi da shi.

Ku kuma lura, mai kanti ya tuba, duk da haka tubansa bai tā da gurgun ba, bai kuma gyara kekunan da tsatsa ta cinye ba. Allah yana gafartawa, amma jinkiri yana da ɓarnar da ba ta gyaruwa a wannan duniya.

Tun ina magana, na san akwai wanda ya faɗo wa kowannenku a rai. Ba sai kwamiti ya zauna a kansa ba, ba sai an jira taron farkawa ba. In an tashi sujada yau, kada ku miƙe gida. Ku bi ta ƙofarsa ku yi sallama. Mai yiwuwa ya yi muku dariya, mai yiwuwa ya zage ku. Ku zauna duk da haka, ku sha ruwan gidansa, ku ce masa, "Mun daɗe muna ganinka, ba mu zo ba. Yau mun zo."

Ubangiji ya ba mu ƙafafun tafiya. Amin.