Magatakarda da Baƙar Taga

Ranar Talata ce, an tashi da yayyafi.

Akwai wani mutum, magatakardan wata ikkilisiya, yana da tsohuwar kwamfuta da ta kusa mutuwa. A cikinta akwai waƙoƙin zumuntar mata na shekarun baya, marigayiya mahaifiyarsa ce ke ba da waƙa. Babu su a ko'ina sai nan. Ya so ya kwashe su zuwa sabuwar ma'ajiya da ake jona wa kwamfuta tun injin yana da sauran numfashi.

Ya buɗe baƙar tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ya sa aikin, ya ga ya kama. Aikin yini guda ne. Shi kuwa ba ya barin ƙofa a buɗe, ko ta akurki. Ya rufe tagar, ya tafi gona. Da yamma ya tarar aikin ya mutu tun safe. Laraba ma haka, injin kuma ya fara kuka.

Ya kira ƙanwarsa Tabita, wadda ta san aikin.

Ta ce, "Yaya, kai ka kashe shi. Aikin goye yake a bayan tagar. Ta faɗi, ya faɗi."

"To, in bar ta a buɗe?"

"Sai wani ya zo ya rufe. Sa wannan umarni a gaba. Aikin zai haifi ɗa, ɗan ya fita ya kafa gidansa, ya zama maigida. Aikin na farko ba ya iya fita, shi ya riga ya zama shugaba a tagar."

"In na sake shi, wa zai duba shi?"

"Ka duba shi kwana biyu, me ka samu?"



Ga abin da misalin yake nufi. Tagar ita ce uba, ko uwa, ko fasto. Aikin shi ne bangaskiya. Da yawanmu mun goya bangaskiyar 'ya'yanmu don ƙauna, ba mu bar su sun yi addu'a da bakinsu ba. Amma kowace taga za a rufe ta wata rana, har tawa. Ku sauke su tun kuna da rai, su tsaya gaban Ubangiji da ƙafarsu.

Washegari mutumin ya rubuta umarnin, ya rufe tagar. Fitilar ma'ajiyar ba ta daina ƙyaftawa ba, aikin na nan yana tafiya. Ya saɓa fartanya ya fita, yana rera waƙar uwarsa.